Tabarmar 'Ya'ya

Shafi na 31

Mun rabu a inda aka sauke gawar Chenesai a ƙauyen Rukanda, don ta kwana a ɗakin girkinta kafin a wuce da ita babban birni. Daga nan za mu ɗora.

*

Gari ya waye wa Minista Runesu Mudavanhu a kan kujerar roba, ƙarƙashin rumfar da sojoji suka kafa a tsakar gidansa. Wutar makoki ta zama toka. Mazan da suka kwana kewaye da ita sun miƙe suna kakkaɓe barguna. Daga ɗakin girki waƙar mata ta koma gunaguni, muryoyi duk sun dushe.

Matarsa na ciki. Cikin akwati, an lulluɓe ta da tutar ƙasa.

Jirgi mai saukar ungulu na jira a filin ƙwallon firamare. Jam'iyya ta yanke cewa Chenesai jaruma ce, a makabartar jarumai za a sa ta gobe, da harbin bindiga da badujala. Shi zai yi jawabi. Kowa ya san abin da jawabin nan yake nufi a wurinsa. An daɗe yaran jam'iyya na sassaƙe masa ƙafar kujera, jaridu har sun fara kiransa tsohon kaya. Amma wa zai taɓa mutumin da ya tsaya gaban ƙasa duka, a bakin kabarin matar da suka yi yaƙin 'yanci a daji tare, ya sake ba da labarin ɗansu?

Labarin da ko 'yan firamare sun haddace shi.

Jariri ne, ko zama bai fara ba. Kwamanda Runesu ya ce ba a tsallaka iyaka da goyo, aka bar shi a Rukanda hannun wata mata. Sojojin Turawa suka zo suka cinna wa ƙauyen wuta. Yaron ya ƙone. Da labarin nan Runesu ya ci zaɓen farko bayan 'yanci, da shi ya riƙe ma'aikata bayan ma'aikata. Har dutse ya sa aka kafa a bayan gari, aka sassaƙa sunan yaron a jiki: Garikai.

Ba su sake haihuwa ba.

Kwamared Hwata, wanda jam'iyya ta turo ya raka gawar, ya sunkuyo kusa da kunnensa yana ƙanshin turare. Ya ce matuƙin jirgi na son a tashi kafin hadari ya haɗu, 'yan talabijin ma sun shirya. Runesu ya gyaɗa kai. Bai kalle shi ba.

Sai dariya ta tashi daga wajen mata.

Marwei ce ta fito daga ɗakin girki. Tsohuwa, ƙanƙanuwa, ba takalmi. Ta kifa hular cocin Chenesai a ka, ta zura rigar sanyinta, hannuwan rigar na reto sun wuce yatsunta. Tana tafe tana jan ƙafar hagu, kamar yadda Chenesai ke yi tun da ɓarɓashin bam ya shige mata gwiwa.

Marwei ce sahwirar gidan. A hannunta aka bar jaririn wancan lokaci, kuma tun daga nan amana ta ƙullu. Ita ke wanke gawar gidan Mudavanhu, 'ya'yanta ke haƙa musu kabari. Ranar mutuwa kuwa bakinta ba shi da linzami. Ta kwaikwayi mamaci, ta zagi wanda ta ga dama, ta sa mai kuka dariya. Ba a fushi da sahwira.

Ta tsaya gabansa, ta riƙe ƙugu, ta maƙe murya irin ta marigayiyar.

"Runesu, ka sha maganinka? Ko sai na kira 'yan jarida sun ɗauka?"

Aka fashe da dariya.

"Dubi tumbi. Wai wannan ne ya taɓa ɓuya a bayan kara ɗaya. Yau ko bayan rumbu ya laɓe, sai an hango shi daga Mozambik."

Har sojojin da ke bakin ƙofa sai da suka sunkuyar da kai. Runesu ya ji bakinsa ya motsa. Muryar ta yi kama da yawa. Ya ɗora hannu a ido kamar rana ce ta dame shi.

Ta yi ta yi. Ta kwaikwayi yadda Chenesai ke ɗanɗana miya ta ce gishirin Harare ba ya ji, da yadda take ɓoye masa sigari a cikin tukunya. Ta ce wa limamin coci ya rage tsawon addu'a, marigayiya ta ce ƙafarta na ciwo. Matan da suka kwana suna kuka suka riƙa share hawaye suna dariya lokaci guda.

Hwata ya duba agogo, ya ɗaga wa sojoji yatsa. Suka nufi ɗakin girki.

Marwei ta riga su. Ta zauna daram a bakin ƙofa, ta miƙe ƙafafu.

Wannan ma ba sabon abu ba ne. Sahwira kan tare gawa, a ba ta ɗan abin hannu, ta yi tsaki ta tashi. Hwata ya zaro sabuwar takarda daga aljihu yana murmushi saboda kyamara. Ta karɓa, ta juya ta, ta mayar masa cikin aljihun gaba, ta ɗan bubbuga.

"Ajiye, ɗana. Ka sayi reza, wata rana gemu zai fito. Ranar da aka sauke tutar Bature kai ko rarrafe ba ka fara ba."

Aka sake dariya. Amma ba ta tashi ba.

Dariyar ta riƙa raguwa har ta mutu. A cikin shirun ne Runesu ya gane ƙarar da yake ji tun asuba bai kula ba. Daga can bayan gari take zuwa, wajen duwatsu. Diga na sara ƙasa.

Ya miƙe. Gwiwoyinsa suka yi ƙara.

"Marwei, me ake haƙa a can?"

"Kabari."

"Na wa?"

"Mutum nawa suka mutu a gidan nan, Minista?"

Ya ce mata wasa ma yana da iyaka. Ya ce jam'iyya ta yanke, an sanar a rediyo, an riga an tanadi wuri a tudun jarumai kusa da waɗanda suka yi daji tare. Ta bar shi ya gama. Sannan ta ce ita ba ta san jam'iyya ba, ba jam'iyya ce ta riƙe wa Chenesai kai tana aman jini ba. Chenesai ta faɗa mata baki da baki, a nan za a sa ta, bayan gari, inda mai zuba mata ƙasa zai iya zuwa da ƙafa.

"Wane mai zuba ƙasa? Ni ne mijinta. Ba ta da kowa bayana."

Marwei ta dube shi. Kai kawai ta karkata zuwa dama.

Ya bi ta da ido.

Tabarmar 'ya'ya ce, wadda 'ya'yan mamaci ke zama a kai, a jikin bangon ɗakin girki. An shimfiɗa ta jiya don al'ada ta ce a shimfiɗa, ta kwana ba kowa a kai. Duk daren ya ƙi kallon wajen.

Yanzu akwai mutum a kanta.

Tapera ne, babban ɗan Marwei. Magidanci, ya haura arba'in, makanikin injin niƙa ne a bakin kasuwa. Shi ya haƙa kabarin mahaifin Runesu, shi ya haƙa na mahaifiyarsa, kullum shi ke fara sara ƙannensa su biyo. Yau an aske masa kai tas. An maƙala masa baƙin ƙyalle a hannun riga. Hannuwansa na kan gwiwa, ba ko ɗigon ƙasa a jiki.

Wani abu ya taso wa Runesu daga ciki, ya ɗauka fushi ne.

"Ka tashi daga nan," ya ce. "Wurin 'ya'ya ne. In haƙa ake yi, can ne wurinka."

Tapera bai motsa ba. Bai ma ɗago ba.

"Ni na hana shi taɓa diga," in ji Marwei. Ta daina maƙe murya. "Ka girma a ƙasar nan, Runesu. Ka gaya wa yaron nan mai turare, wa ake hana haƙa wa mace kabari?"

Wata tsohuwa daga cikin mata ta dafe baki.

Ya san amsar. Kowa ya sani. Ɗa ba ya haƙa wa uwarsa.

"Mu shiga ciki," ya ce a hankali. "Mu yi magana a ciki."

"A'a. Kai a filin wasa ka faɗi naka, da lasifika. Ni ma a waje zan faɗi nawa."

Ta cire hular cocin, ta ajiye a cinya.

Ta ce ranar da wutar ta zo, jarirai biyu ne a ɗakinta. Nata, da na kwamanda. Tsiransu bai kai wata ba. Na kwamanda ya tashi da zazzaɓi yana ta tsala kuka, ta ji tsoron kada kukan ya jawo tambaya, sai ta goya shi ta tafi rafi. Nata yana barci. Ta bar shi wajen surukarta, ta ce yanzu za ta dawo.

Daga rafi ta hango hayaƙi.

Ta ce da ta dawo sojojin suna nan, suna bin mata ɗaya ɗaya, don an kai musu tsegumi cewa akwai ɗan 'yan daji a ƙauyen. Wani ya ɗaga zanen goyonta da bakin bindiga, ya ce wannan fa? Ta ce nata ne. Ya ce na 'yan dajin fa? Ta nuna masa ɗakinta da ke ci.

"Da yatsan nan na nuna," ta ce, ta ɗaga shi. "Ban yi kuka ba. In na yi kuka za su gane."

Runesu ya nemi kujera da hannu, bai same ta ba.

"Daga ranar na kira wannan da sunan wancan. Mijina ya sani, ya tafi kabari da shi. Nonon da na tanada wa ɗana, naka ya sha." Ta dube shi sosai. "Shekara arba'in kana kuka da ɗana a rediyo, Runesu. Kowane zaɓe sai ka ƙona shi sabo. Ina zaune ina sussukar masara ina ji."

"Ba wanda ya gaya min."

Muryar da ta fito ba ta minista ba ce.

"Ba wanda ya gaya maka?"

Ta mayar da hular kanta. Ta karkata wuya. Da ta buɗe baki, Chenesai ce ta yi magana, Chenesai ta wancan lokaci, siririya, mai sanyin murya.

"Runesu, na je Rukanda. Na ga yaro."

Ya rufe ido.

Ga ɗakin otal ɗin nan. Ga madubi. Safiyar da za a rantsar da shi karo na farko, yana fama da igiyar wuya, bai iya ɗaurawa ba, hannun da ya saba da bindiga. Chenesai na tsaye a bayansa da ƙurar mota a ƙafa. Ya gan ta ta cikin madubi. Ya ga fuskarta, kuma fuskar ba ta wadda ta dawo daga kabari ba ce. Ya gani. A makon nan ne hotonsa ya cika jaridu, kwamandan da ya ba da ɗansa.

Bai juyo ba.

"Me ka ce mata?" in ji Marwei. "Ko in faɗa maka? Ta maimaita min har na haddace."

Ya faɗa da kansa. Da ƙyar aka ji.

"Na ce yaron nan ya mutu, ƙasa duka ta yi kukansa. Kada ki tono shi."

"Sai ta ɗaura maka igiyar."

"Sai ta ɗaura min."

Marwei ta ce Chenesai ba ta sake tayar masa da zancen ba. Ta dawo Rukanda ta tarar yaron ya maƙale a zanen Marwei, yana ganinta yana ɓuya. Suka zauna su biyu a bakin rafin nan suka yi kukansu. Chenesai ta ce ba za ta raba mace da ɗa sau biyu ba, kuma ba za ta kai yaro gidan da aka riga aka binne shi ba. Tun daga nan ta zama Gwaggo. Gwaggo mai kawo takalmi duk Kirsimeti. Gwaggo mai zama a bencin baya ranar aurensa. Sai da ciwo ya kwantar da ita ta kira shi, ta kama hannunsa, ta gaya masa.

"Abu ɗaya ta roƙa. Ba ta samu ta goya shi ba, to ya zuba mata ƙasa. A can tudunku wa zai bar makanikin injin niƙa ya wuce ƙofa? A matsayin wa?"

Digar ta yi shiru a bayan gari. An gama.

Hwata ya matso. Murmushin ya tafi, amma muryarsa a kwance take. Ya yi ƙasa da ita yadda Runesu kaɗai zai ji.

Ya ce maganar sahwira wasa ce, kowa ya san haka, don haka ma ba a fushi da ita. Minista ya yi dariya kawai, ya tafa mata, jama'a za su bi shi su yi dariya. A ɗaga tsohuwar a hankali, a ɗauki akwati. Abin da kyamara ta ɗauka shi zai ji da shi. Gobe war haka Minista na kan mumbari, ba mai tuna Rukanda.

"Amma in jirgin nan ya tashi ba gawa, Kwamared Minista, ban san me zan ce musu ba. Kai ka san su. Ba za su tsaya a kujera ba. Za su ce tun farko ƙarya ce, har dajin ma."

Gaskiya ya faɗa. Ƙofar a buɗe take. Dariya ɗaya ce.

Runesu ya duba jama'a. Tsofaffin da suka kai masa tuwo a kogo suna 'yan mata. Jikokinsu da suka rera waƙar Garikai a makaranta. Duk shi suke kallo, suna jira su ga ko wasa ne.

Ya duba tabarmar.

Sau nawa mutumin nan ya buɗe masa ƙyauren gida? Sau nawa ya miƙa masa makullin mota ya ce a wanke? Bai taɓa kallonsa ba. Yanzu da aka aske kan, ga kunnuwan mahaifinsa. Ga goshin Chenesai.

Ya taka zuwa ɗakin girki. Marwei ta dube shi, ta janye ƙafa ɗaya.

Ciki duhu, warin hayaƙi da furanni. Matan suka matsa. Ya tsaya a kan akwatin ya daɗe. Sannan ya kama gefen tutar ya yaye ta. Ya ninke ta da kansa, a tsanake, kusurwa kan kusurwa. Katakon ya fito fili.

"Kin ɗaura min igiyar wuya," ya ce wa akwatin. "Da kin shaƙe ni da ita."

Ya fito rana ta dake shi. Ya miƙa wa Hwata tutar.

"Ka san abin da ka miƙo min?"

"Na sani. Ka ce wa matuƙi ya tashi kafin hadarin."

Wata mata ta fara guɗa, ta katse a tsakiya, ta koma kuka.

Bai tsaya ba. Ya nufi tabarmar. Mutumin da rabonsa da durƙusa wa wani tun kafin 'yanci ya kai gwiwa ƙasa, wandon kwat ɗinsa cikin toka. Ya haɗa tafuka ya tafa a hankali, irin gaisuwar maza. Duk rayuwar Tapera da kirarin gidan mijin Marwei ake gaishe shi, Soko, na dangin biri. Runesu ya kira shi da nasa, na dangin zaki.

"Shumba."

Tapera na kallon ƙasa.

Ya sake tafawa.

"Shumba. Garikai."

Sai a lokacin Tapera ya ɗago. Idanunsa jajur, amma a bushe. Bai tafa ba. Ya daɗe yana kallon tsohon kamar yana duba injin da ya san ba zai tashi ba.

"Ranka ya daɗe," ya ce. "Garikai yana bayan gari. Kai ka rubuta."

Runesu ya sauke hannuwansa, Tapera ya ci gaba.

"Ni na ci sunansa, na sha nononsa. Shi yana kwance ƙarƙashin sunana. Inna ba ta taɓa samun inda za ta durƙusa ta kira ɗanta ba, kullum ta je sai ta tarar da furannin jam'iyya." Ya numfasa. "Ramin Gwaggo a gefensa aka haƙa. Ba zan zuba mata ƙasa ba dutsen nan na tsaye yana cewa na mutu."

Marwei ta juyar da kai jikin bango. Kafaɗunta na motsi cikin rigar da ta yi mata yawa.

Tapera ya sa hannu ƙarƙashin tabarmar. Ya jawo guduma, babba, ta fasa dutse, ƙotarta ta sha hannu har ta yi baƙi. Ya ajiye ta a gaban gwiwoyin Minista.

"Ba a binne mutum da rana tsaka. Ka ga inda inuwa take, lokaci na ƙurewa."

Daga filin firamare jirgin ya fara kaɗa fukafukai. Ɗan talabijin bai kashe kyamararsa ba.

"Da hannunka," in ji Tapera.